Me ya sa ake lissafa lambar rushewar mizon alhali ana iya auna ta?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin fiziks da ke koyarwa a wata makarantar sakandare ta karkara a yankin Ringim, jihar Jigawa, wanda yake shirin komawa karatun digiri na biyu. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Na ci karo da abin da ake kira lambar rushewar payon, mai alamar fπ. Wani littafi ya ce 130 MeV ce, wani kuma ya ce 92. Sannan na ga masana suna shafe shekaru da manyan kwamfutoci wajen lissafa irin waɗannan lambobi. Idan ana iya auna su a ɗakin gwaji, mene ne amfanin lissafin, kuma ta yaya ake yin sa?"

Malam, Allah ya ƙara basira. Maganar 130 da 92 ita ce mafi sauƙi, domin babu saɓani tsakanin littattafan biyu. Idan ka raba 130.2 da tushen murabba'in 2, wato 1.414, za ka sami 92.1. Wasu marubuta suna shigar da wannan 1.414 cikin ma'anar lambar, wasu kuma suna barin sa a cikin sauran lissafi, saboda haka duk lokacin da ka buɗe sabon littafi, ka fara duba wanne ya zaɓa kafin ka ɗauki wata ƙa'ida daga cikinsa. Ni zan yi amfani da 130, sai a wuri ɗaya da zan ambata. MeV kuwa ma'aunin makamashi ne da ake auna nauyin ƙananan ƙwayoyi da shi, MeV dubu kuma su ne GeV ɗaya.

Mizon ƙwaya ce da ta ƙunshi kwak guda ɗaya da kishiyar kwak guda ɗaya, waɗanda ƙarfi mai tsanani ya ɗaure su ta hanyar musayar gulon. Kwak su ne ƙananan ƙwayoyin da aka gina furoton da niyutiron da su, nau'insu shida ne masu alamun u, d, s, c, b da t, gulon kuma ita ce ƙwayar da ke ɗaukar wannan ƙarfi a tsakaninsu. Payon mai alamar π⁺ ya ƙunshi kwak u da kishiyar d, nauyinsa 139.6 MeV. Keyon, K⁺, ya ƙunshi u da kishiyar s, nauyinsa 493.7 MeV. Akwai masu nauyi fiye da haka, irin su D⁺ mai 1870 MeV da Ds mai 1968 MeV, waɗanda ke ɗauke da kwak c, sai kuma B⁺ mai 5279 MeV da Bs mai 5367 MeV, waɗanda ke ɗauke da kishiyar b. Hideki Yukawa na Japan ne ya yi hasashen samuwar payon a 1935, kuma a 1947 Cecil Powell da abokan aikinsa a Jami'ar Biristol ta Ingila suka ga sawunsa a faifan ɗaukar hoto da aka ajiye a kan manyan duwatsu domin ya sha hasken da ke zubowa daga sararin samaniya.

Payon ba ya daɗewa. Matsakaicin rayuwarsa daƙiƙa 2.6 × 10⁻⁸ ne, kuma kashi 99.99 cikin ɗari na lokuta yana rushewa ne zuwa miyuwon, ɗan'uwan ilektiron mai nauyi, da niyutirino, ƙwaya marar caji mai sauƙi ƙwarai. Yadda abin yake faruwa shi ne, kwak u da kishiyar d suna haɗuwa su shafe juna, su zama ƙwayar W ta ɗan lokaci, wato ƙwayar da ke ɗaukar ƙarfi mai rauni, ita kuma ta rikiɗe zuwa miyuwon da niyutirino. To amma W tana da nauyin 80.4 GeV, kuma saboda wannan nauyi tasirinta ba ya wuce tazarar kusan femtomita 0.002 (femtomita ɗaya mita 10⁻¹⁵ ce), alhali girman payon kansa ya kai kusan femtomita 0.66. Ke nan rushewar ba za ta yiwu ba sai ƙwayoyin biyu sun zo kusan wuri ɗaya tak a cikin mizon ɗin. Lambar rushewa, f, ita ce take auna ƙarfin yiwuwar wannan haɗuwa. A rubuce, ana ɗaukar abin da ke haɗa yanayin mizon da yanayin fanko ta hanyar kwararar ƙarfi mai rauni, a ce ya yi daidai da f ninki momentam na mizon. Dalilin da ya sa lamba ɗaya ta wadatar shi ne, waɗannan mizon ba su da sifin, wato juyin da ƙwaya ke da shi a kanta, don haka ba su da wata alƙibla da za a jingina wa lissafi in ban da alƙiblar tafiyarsu. Duk rikicin da kwak da gulon suke yi a ciki, komai yawansa, yana tattaruwa ne a wannan lamba guda.

Ƙa'idar saurin rushewar ita ce:

Γ = (G² ÷ 8π) × f² × V² × m² × M × (1 − m²/M²)²

A nan G shi ne adadin Fermi, 1.166 × 10⁻⁵ GeV⁻², M nauyin mizon ne, m nauyin miyuwon ne, wato 105.66 MeV, V kuma lamba ce da ke nuna ƙarfin da W take kama wannan nau'in kwak biyu da shi. Ina so ka zauna da kalkuleta ka gwada da kanka, domin abin ba ya cin minti goma. Saurin rushewa, Γ, ana samun sa ne ta raba 6.582 × 10⁻²⁵ GeV·daƙiƙa da tsawon rayuwar payon, abin da zai ba ka 2.53 × 10⁻¹⁷ GeV. Ka sa V daidai da 0.974, ka mayar da kowane nauyi zuwa GeV, ka warware domin f, za ka sami kusan 0.132 GeV, wato 132 MeV. Ɗan bambancin da ya rage tsakanin wannan da 130 gyara ne da ke fitowa daga tasirin lantarki, wanda ƙa'idar da na rubuta ba ta ƙunsa ba. Idan kuma ka cire nauyin miyuwon ka sa na ilektiron, 0.511 MeV, ka raba sakamakon biyu, za ka ga cewa rushewa zuwa ilektiron tana faruwa kusan sau 1.28 cikin dubu goma, gwaji kuwa ya ba da 1.23. Wannan m² da ke cikin ƙa'idar ne ya jawo haka, kuma abu ne da ya kamata ɗalibanka na aji shida su gani, tunda hankali zai fi karkata ga cewa ƙwaya mafi sauƙi ce za ta fi fitowa. Su sani kuma cewa maganar ba ta tsaya a Turai ba: payon da ake samarwa a saman iska, kimanin kilomita 15 daga ƙasa, su ne ke rushewa su haifi miyuwon da ke ratsa kwanon rufin ajinku, kusan guda ɗaya a kowace murabba'in santimita cikin kowane minti.

Yanzu ga inda amsar babbar tambayarka take. A lissafin da ka yi, ni ne na ba ka V, kuma ba daga rushewar payon aka samo ta ba. An samo ta ne daga wani fanni dabam, wato rushewar beta (wadda cibiya ke fitar da ilektiron ko kishiyarsa a cikinta) ta wasu cibiyoyin zarra, inda wata ƙa'idar daidaito ta sa ba a buƙatar sanin lamba irin f. Ɗakin gwaji ba ya auna f ita kaɗai, kuma ba zai taɓa iyawa ba ta wannan hanya; abin da yake aunawa shi ne f ninki V. Kamar mutumin da aka gaya masa cewa an biya kuɗi kaza a kan buhun gero a kasuwar Gujungu, aka ce ya faɗi farashin kwano: sai ya san kwano nawa ne a buhun, ta wata hanya da ba ta dogara da kuɗin ba, kafin ya iya amsawa. A wajen payon mun yi sa'a, domin an san V ɗinsa daga wani wuri. A wajen keyon da D da B kuwa, V ɗin ce ake nema, kuma hanyar samun ta ita ce a lissafo f daga asalin nazariyya, a raba abin da gwaji ya bayar da ita.

Dalilin da ya sa ake matsa wa waɗannan V shi ne, su ne ke cike jadawalin nan mai layi uku da ginshiƙi uku da ake kira CKM, wanda Nicola Cabibbo ya aza harsashinsa a 1963, Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa kuma suka faɗaɗa shi a 1973. Nazariyyar da muke da ita ba ta faɗi ƙimar kowace V ba, amma ta ɗora musu sharaɗi mai tsauri: idan nau'in kwak shida ne kawai, kuma W ce kaɗai ke sauya su, to murabba'an lambobin kowane layi dole su taru su ba da 1 daidai. Idan aka auna aka ga ba su kai ba, ko sun wuce, to akwai wani abu a duniya da ba mu sani ba. Saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a lissafin f yana iya ɓoye sabuwar ƙwaya, ko kuma ya sa mutane su yi zaton sun ga wadda babu ita.

Me ya hana a lissafa f da biro da takarda? A nazariyyar lantarki, ƙarfin hulɗa ƙarami ne, kusan 1 bisa 137, don haka ana lissafi daki-daki: mataki na farko ya ba da mafi yawan amsa, na biyu ya ƙara ɗan gyara, na uku ya ƙara wanda bai kai shi ba. A nazariyyar kwak da gulon, wadda ake kira QCD, ƙarfin hulɗar yana canzawa da tazara. David Gross da Frank Wilczek da David Politzer sun nuna a 1973 cewa yana raguwa idan kwak suka matso kusa da juna ƙwarai, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. A makamashin 91 GeV ƙimarsa 0.118 ce, kuma lissafin daki-daki yana aiki sosai a can. Amma a tazarar femtomita guda, inda mizon yake rayuwa, ƙarfin ya girma har ya kai matsayin da kowane gyara yake daidai da wanda ya gabace shi, sai hanyar ta rushe gaba ɗaya. Akwai kuma wata alama da ke nuna zurfin matsalar. Nauyin kwak u kusan 2.2 MeV ne, na d kusan 4.7 MeV, amma fπ ta kai 130. Da za a mayar da nauyin kwak ɗin biyu sifili, payon zai rasa nauyinsa kwata-kwata, amma fπ za ta sauka ne kawai zuwa kusan 122. Ke nan lambar ba daga nauyin kwak ta fito ba, ta fito ne daga yadda fanko kansa yake cike da kwak da kishiyoyinsu, yanayin da Yoichiro Nambu ya fara bayyanawa a 1960. Shi ya sa fπ take bayyana a wuraren da ba su da alaƙa da rushewa a zahiri. Misali, dangantakar da Goldberger da Treiman suka gano a 1958 ta ce idan ka ninka nauyin niyukiliyon (furoton ko niyutiron), 939 MeV, da 1.27, lambar da ke nuna yadda ƙarfi mai rauni yake kama shi, ka raba da ƙarfin kamun payon ga niyukiliyon, kusan 13.1, za ka sami 91, wato fπ a tsarin 92. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun sakamako a fannin nan, domin ya haɗa ƙarfi mai rauni da ƙarfi mai tsanani a layi ɗaya.

Kafin kwamfuta ta yi ƙarfi an bi hanyoyi da dama. Van Royen da Weisskopf a 1967 sun ɗauki mizon a matsayin ƙwayoyi biyu masu zagaya juna a hankali, suka danganta f² da yiwuwar samun su a tsakiya, a raba da nauyin mizon. Wannan yana taimaka wa fahimta, amma amsarsa ta dogara ne da irin ƙarfin jan da mai lissafi ya zaɓa, kuma babu yadda za a yi a san girman kuskurensa. Daga irin wannan tunani ne aka sami hasashen cewa ga mizon masu kwak mai nauyi, f tana raguwa daidai da tushen murabba'in nauyin, abin da zai sa idan fD, wato f ta mizon D, ta kai 212 MeV, fB ta mizon B ta zama kusan 126. Ƙimar gaskiya 190 ce. Hasashen daidai ne ga kwak mai nauyi marar iyaka, sai dai kwak c bai yi nauyin da za a bi da shi haka ba. Hanyar da Shifman da Vainshtein da Zakharov suka kawo a 1979 ta fi wannan ƙarfi, domin daga QCD kanta take tashi: ana lissafa wani adadi ta fuskar kwak a tazara ƙarama, a sake rubuta shi ta fuskar mizon, a daidaita biyun. Ta ba da amsoshi masu kyau ga D da B, amma kuskurenta yakan tsaya tsakanin kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, kuma da wuya a matse shi ƙasa da haka. Sai kuma tsarin da Steven Weinberg ya shimfiɗa a 1979, Gasser da Leutwyler suka kammala a 1984 da 1985, wanda bai lissafa fπ ba, yana karɓar ta ne a matsayin abin da aka ba shi, amma yana faɗin yadda take canzawa idan nauyin kwak ya canza. Wannan ya zama kayan aiki ga hanyar da ta yi nasara.

Hanyar ita ce QCD ta raga, wadda Kenneth Wilson ya ƙirƙira a 1974, Michael Creutz kuma ya fara gwada ta a kwamfuta a Burukhaben ta Amurka a wajen 1980. Ana ɗaukar ɗan ƙaramin akwati na sarari da lokaci, a maye gurbinsa da ɗigo-ɗigo masu tazara ɗaya a alƙibla huɗu. Kwak suna zama a kan ɗigon, gulon kuma a kan layukan da ke haɗa su. Da zarar an yi haka, jimlar da nazariyya take buƙata, wato tara gudummawar kowane irin yanayi da filin gulon zai iya kasancewa, ta zama jimla mai iyaka. Sai dai iyakar tana da nisa. Ɗaya daga cikin ragogin da ƙungiyar masu lissafin raga ta MILC ta yi amfani da su tana da ɗigo 96 a kowace alƙiblar sarari da 192 a alƙiblar lokaci, jimla kusan ɗigo miliyan 170, da tazarar kusan femtomita 0.06. Kowane ɗigo yana da layi huɗu, kowane layi yana ɗauke da lambobi takwas masu zaman kansu, wato fiye da lambobi biliyan biyar da za a juya. Babu injin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake yi shi ne a mayar da lokaci zuwa lamba ta ƙiyasi, wanda ke sa kowane yanayi ya sami nauyi irin na yiwuwa, sannan a sa kwamfuta ta zaɓo samfura ɗaruruwa ko dubbai bisa wannan nauyi, a ɗauki matsakaici a kansu. Kuskuren wannan zaɓe yana raguwa ne da tushen murabba'in yawan samfuran, don haka mai son rage shi da rabi sai ya ninka aikinsa sau huɗu.

Yadda ake ciro f daga ciki abu ne da za ka gane nan take. A kan kowane samfuri, ana ƙirƙirar kwak da kishiyarsa a lokaci sifili, a bar su su yi tafiya, a shafe su a lokaci t, a rubuta ƙarfin alaƙar da ke tsakanin farko da ƙarshe. A farkon tafiya abin da aka ƙirƙira gauraye ne na yanayi da yawa, amma kowane yanayi yana dusashewa da saurin da ya dace da nauyinsa, saboda haka idan t ya yi tsawo mafi sauƙi ne kaɗai yake saura, wato mizon ɗin da ake nema. A wannan yanki alaƙar tana bin siffar (f² × M ÷ 2) × e^(−Mt). Idan ka zana logaridim ɗinta a kan t za ka sami miƙaƙƙen layi, gangarar layin ta ba ka nauyin mizon, inda ya yanki ginshiƙin tsaye kuma ya ba ka f. Irin aikin da ɗalibi yake yi ne a ɗakin gwajin makaranta idan yana auna yadda caji ke zubewa daga kafasita.

Abin da ke cin shekaru shi ne tabbatar da cewa lambar da ta fito ta duniyar gaske ce. Tazarar raga ba sifili ba ce, don haka dole a maimaita lissafin a tazara uku ko huɗu ko fiye, daga kusan femtomita 0.15 zuwa 0.04 ko ƙasa da haka, a bi sawun amsar zuwa sifili. Akwatin yana da iyaka, kuma payon, kasancewarsa mafi sauƙi, yana iya zagayawa ya dawo ta bayansa, shi ya sa ake son faɗin akwatin ya kai femtomita biyar zuwa shida. Kwak masu sauƙi suna da tsadar lissafi ƙwarai, har ta kai shekaru da yawa ana aiki da payon na ƙarya mai nauyin 300 ko 500 MeV, ana dogara da tsarin Gasser da Leutwyler wajen sauko da amsar. Sai daga wajen 2010 ne lissafi a ainihin nauyin payon ya fara zama ruwan dare. Kwak b kuma matsalarsa ta ɗaya gefen ce, domin nauyinsa na kusan 4.2 GeV yana nufin tsawon zangonsa bai kai femtomita 0.05 ba, ya kusa faɗawa tsakanin ɗigo biyu, sai an yi masa dabara ta musamman ko an matse ragar sosai. Kafin duk wannan ma, har zuwa ƙarshen shekarun 1990 yawancin lissafi yana watsar da kwak da kishiyoyinsu da ke ɓullowa su ɓace a cikin fanko, saboda tsadarsu, abin da ke kawo kuskuren kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari wanda ba a iya sarrafawa. A 2004 ne wani aikin haɗin gwiwa na ƙungiyoyin HPQCD da MILC da Fermilab da UKQCD ya nuna cewa idan aka saka su, adadai da dama da aka riga aka sani suna dacewa da gwaji cikin 'yan kashi kaɗan.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe da kyau, Malam, domin ɗalibai da yawa suna tuntuɓe a kansa. Kwamfuta ba ta san MeV ba. Lambobi tsirara take bayarwa, a ma'aunin tazarar raga. Dole a ba ta wasu adadai daga gwaji: nauyin payon da na keyon domin daidaita nauyin kwak masu sauƙi, nauyin wani mizon mai c da wani mai b domin masu nauyi, sai kuma adadi ɗaya domin a san tazarar ragar a femtomita. Wasu ƙungiyoyi suna amfani da nauyin ƙwayar Omega wajen wannan, wasu kuma da fπ kanta. Saboda haka idan ka ga takarda ta yi amfani da fπ wajen kafa ma'auni, kada ka ɗauki 130 ɗin da ke cikinta a matsayin hasashe, abin da aka zuba ne. Hasashenta na gaske su ne sauran lambobin.

Ƙungiyar FLAG, wadda ke tace sakamakon raga tana fitar da matsakaici duk bayan 'yan shekaru, tana ba da kusan 155.7 MeV ga keyon, 212 ga D, 250 ga Ds, 190 ga B, 230 ga Bs, kuma kuskuren kowanne bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Abin da aka fi sani da daidaito shi ne rabon fK da fπ, wato 1.193, domin yawancin kurakurai suna shafe juna idan aka raba. William Marciano ya nuna a 2004 yadda za a ci moriyar wannan: idan aka raba saurin rushewar keyon zuwa miyuwon da na payon, gwaji yana ba da 0.276 a matsayin rabon V biyun ninki rabon f biyun. Raba 0.276 da 1.193, ka sami 0.2313, ka ninka da 0.9737, wato V mai haɗa kwak u da d, ka sami V ta u da s daidai da kusan 0.225. Haka kuma fBs ce ke shiga, a murabba'i, cikin hasashen rushewar Bs zuwa miyuwon biyu, abin da ke faruwa kusan sau uku cikin biliyan, wanda gwaje-gwajen LHCb da CMS a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, suka tabbatar tare a 2015. Da ba a san fBs da kyau ba, da wannan awo mai wahala bai gaya mana komai a kan nazariyya ba.

Ya dace in ba ka labarin lokacin da abin ya yi kamar zai karye, domin shi ne ya fi nuna yadda ake gane lissafin da za a amince da shi. A 2007 ƙungiyar HPQCD ta fitar da fDs daidai da 241 MeV, da kuskuren 3 kacal. Gwaje-gwajen CLEO da BaBar a Amurka da Belle a Japan kuwa suna nuna sama da 270. Tazarar ta kusa kai sigima huɗu, wato ninki huɗu na kuskuren da aka kimanta, kuma an rubuta takardu da yawa ana danganta ta da sababbin ƙwayoyi. Zuwa 2010 ta narke daga ɓangarorin biyu: sababbin awo sun sauko da ƙimar gwaji, ƙungiyar kuma ta sake duba adadin da ta kafa tazarar raga da shi, amsarta ta hau zuwa 248. Babu sabuwar ƙwaya. Ma'aunin tazarar ragar ne ya karkace kaɗan, kuma an gano hakan ne saboda ƙungiyoyi dabam-dabam, masu tsara kwak a kan raga ta hanyoyi dabam-dabam, suna bin lamba ɗaya.

Yau akwai wata tazara makamanciyar wannan a layin farko na jadawalin CKM. Murabba'in 0.9737 shi ne 0.9481, na 0.225 kuma kusan 0.0506, na lamba ta uku, V ta u da b, bai kai 0.00002 ba. Idan aka haɗa da ƙimar da ke fitowa daga wata rushewar keyon, wadda ke ba da kusan 0.223, jimlar tana tsayawa a wajen 0.9985 maimakon 1, giɓin da ya kai sigima biyu zuwa uku. Ra'ayina shi ne a ɗauke shi da muhimmanci amma kada a yi gaggawar kiran sa sabon abu. Giɓin ya fito fili ne bayan 2018, lokacin da aka sake lissafa gyaran lantarki a rushewar beta, V ta u da d ta sauka daga kusan 0.9742 zuwa 0.9737, kuma har yanzu mafi girman rashin tabbas yana wajen tsarin cibiyar zarra ne, ba wajen fK da fπ ba. Hanyoyin keyon biyu ma ba su gama jituwa da juna ba. Sannan da zarar kuskure ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, tasirin lantarki da bambancin nauyin u da d suna kai girman kuskuren kansa, don haka masu raga sun koma saka foton a cikin akwatin suna lissafa saurin rushewar gaba ɗaya. Ta ɓangaren gwaji kuma, aikin PIONEER da aka amince da shi a Cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan yana nufin auna rushewar beta ta payon kansa, wadda za ta ba da V ta u da d ba tare da an bi ta cikin cibiyar zarra ba.